Wanda Ya Yi Magana a Ɗakin Lajna

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙonsa ya riƙe mini hannun nan guda da ya bar mini har in kai ƙarshensa.

'Ya'yana, akwai wata magana da ta zauna a gidanmu shekara tara, har ta koma kamar ɗaya daga cikin kayan ɗaki, kowa ya san inda take, kowa yana kewaye ta. Maganar ita ce wai Safiyya ce ta tona mini asiri a gaban lajna, wato likitocin da ke zama su duba mai naƙasa su yanke ko ya cancanci tallafin hukuma. Wai ita ce ta gaya wa baƙi abin da mahaifiyarku take yi mini a bayan ƙofa. Har jikokina sun tashi da labarin. Ni kuwa ina cikin ɗakin a ranar, na san yadda aka yi. Ku bi ni a hankali, ba na iya sauri, ko a ƙasa ko a takarda.

Kun san mahaifina da ƙafa ya zo garin nan daga ƙasar Kano, yana tafiya yana tsayawa noma a Sudan, har ya sauke farali ya zauna, Allah ya ba shi takardar zama ɗan ƙasa tun abin yana da sauƙi. A unguwar Misfala, kusa da Harami, aka haife ni, a tsohon gidanmu na kan dutse mai matakala arba'in da uku. Abu biyu ya bar mini. Na farko rubutun ajami, wanda ya koya mini a bakin ƙofa bayan la'asar. Na biyu wata tarbiyya: idan aka tambaye ka jiki, ka ce alhamdulillahi, ka yi shiru. A ganinsa wanda ya lissafa ciwonsa ga mutane ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin bayi ne. Ina zaune kusa da shi ranar da zai cika, maƙwabci ya shigo ya ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Kafin azahar an yi masa wanka.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tura arabiyya a Harami, keken nan da ake ɗora gajiyayyu a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Na tura tsofaffin Kano da na Damagaram, na tura Turkawa da mutanen Jawa, na tura wani ƙaton Bamisire da ya sa na yi kwana biyu ina ɗingishi. Aikin ba na kallo ba ne. Idonka yana kan dugadugan waɗanda ke gabanka kada ƙarfe ya sare su, bakinka yana ta "Ɗarik, ɗarik, ya hajji!" a ba ka hanya. Wata safiya da hantsi, a zagaye na ƙarshe wajen Marwa, ina tura wata tsohuwa, sai na ga hannuna na hagu ya saki mariƙin keke ya faɗi gefe kamar ba nawa ba. Na so in ce wa tsohuwar ta yi haƙuri, bakina ya ƙi. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin jiki.

Da aka sallame ni, Usman, babban ɗana, shi da abokin aikina Ɗanjuma suka ɗauke ni kamar buhu suka haura matakalan nan da ni. Daga ranar komai nawa ya koma hannun mahaifiyarku, Hajiya Rabi. Ita ke ɗaga ni, ita ke zaunar da ni, ita ke yi mini tsarki da alwala sau biyar a yini. Ba wanda ya san iyakar abin sai mu biyu da Allah, sai Safiyya, wadda ba ta yi aure ba tukuna, tana gida tana gani. Kiran sallar Harami yana shigowa ta tagarmu kamar daga tsakar gida, amma wata goma sha huɗu ban sa Ka'aba a idona ba.

Safiyya ce ta kawo maganar tallafi. Ta ce akwai ofishin kula da masu naƙasa, idan suka amince da kai za su ba ka keke, da kuɗin wata, da mai zuwa gida yana gasa maka jiki, har mu samu damar komawa gidan ƙasa wanda ba shi da matakala. Ta cike komai a wayarta, ta haɗa rahoton asibiti, aka ba mu rana.

To ga abin da na yi, ku ji da kyau. Kwana uku kafin ranar na sa aka kira wanzami. Na sa aka goge farar rigata ta Idi, aka turara ta da turaren wuta. Na yi ta gwada miƙewa ina dafa bango har na iya tsayuwa kamar ta karanta Fatiha ba tare da na faɗi ba. A raina, zuwa gaban manyan mutane a wulaƙance abin kunya ne ga sunan mahaifina. Da muka shiga ɗakin lajna, likita uku ne, babbansu mai furfura. Ina ganin furfurar na tattara duk ƙarfin da ya rage mini na miƙe tsaye don girmamawa. Safiyya ta ja mini riga ta baya, na fizge.

"Yaya jikin, ya ammi?" in ji babban, wato yana ce mini baffa.

"Alhamdulillahi, cikin ni'ima nake."

"Kana cin abinci da kanka?"

"Alhamdulillahi."

"Banɗaki fa? Wanka?"

"Allah ya rufa asiri, likita. Babu abin da ya gagara."

Ban yi ƙarya a ganina ba, godiya na yi. Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayar Safiyya: an duba, naƙasar mai sauƙi ce, mutumin yana iya hidimar kansa, ba a amince ba.

Ɗanjuma ya zo dubiya da yamma. Mutumin Maraɗi ne, ya zo aikin hajji tun yana saurayi ya zauna, har gobe ba shi da takarda, kuma babu wanda ya kai shi baki a duk masu tura keke. Safiyya ta ba shi labari tana kawo masa shayi. Ya ajiye kofin ya dube ni.

"Malam Idi, tsaye ka miƙe musu?"

"Mutumin ya girme ni, Ɗanjuma."

"Da ka ƙara musu da gudu tsakanin Safa da Marwa, su gani da kyau! Kai jama'a. Ni ga baki ba takarda, kai ga takarda ba baki. Da Allah ya haɗa mu jiki guda, da tuni muna kan keke mai batir."

Na yi dariya da rabin fuskar da ke dariya, amma ban ji maganar ba.

Safiyya ba ta haƙura ba. Ta jira wa'adi ya cika ta sake nema, wannan karon aka ce za a turo wata ma'aikaciya ta duba yadda nake zaune a gida. Nan kuma laifin ba nawa kaɗai ba ne, na unguwa ne baki ɗaya, kuma da kyakkyawar niyya aka yi shi. Da matan layinmu suka ji baƙuwa daga hukuma za ta shigo gidan Malam Idi, sai suka tashi kamar ana biki. Wannan ta aiko da darduma, waccan da labule sabo. Mahaifiyarku ta ɗauke kujerar bayan gida da nake amfani da ita, da ledar da ake shimfiɗa mini a gado, da igiyar da ta ɗaura a taga don in riƙa kamawa in tana ɗaga ni, ta kai su can rufin soro ta lulluɓe da tsohon zani. Safiyya tana cewa, "Ummi, su ne fa aka zo gani," ita kuwa tana cewa, "A gidana? Baƙuwa ta ga wannan? Allah ya kiyaye." Aka jingine ni a falo tsakanin matasai kamar ango. Aka kawo gahawa da dabino, aka kawo fura mai sanyi da tsire. Baiwar Allah ta ci, ta yaba, ta tambayi mahaifiyarku wane ne ke taimaka mini.

"Malam ai babu ruwansa da taimako," in ji ta. "Sai dai ɗan abin da ba a rasa ba."

Matar ta rubuta abin da ta gani da abin da ta ji. Mene ne laifinta? Saƙo na biyu ya zo irin na farko. Usman ya yi ta faɗa a tsakar gida, wai sun ga fatarmu ne, wai sai kana da wani a ciki. Ina so ku sani, ba wanda ya zalunce ni a ofishin nan. Abin da muka nuna musu shi suka yi hukunci da shi. Safiyya ta shigo ɗakina ta tsaya a kaina, idonta jajur.

"Ya Abuya, saura i'itiradi, ɗaukaka ƙara, kuma sau ɗaya ake yi. In ka sake ce musu alhamdulillahi, halas, an rufe."

"To me kike so in ce? In ce Allah bai kyauta mini ba?"

"Ka ce abin da yake faruwa a ɗakin nan."

"Abin da ke ɗakin nan na ɗakin nan ne. Fita."

Ta fita. Kwana shida ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa.

Abin da ya juya ni ƙaramin abu ne. Ƙofar sif ɗin kaya da ke ɗakinmu tana da madubi, wata rana aka bar ta a buɗe, madubin ya kalli lungun da mahaifiyarku ke salla a bayan labule. Lokacin la'asar ne, ta gama yi mini alwala, ta juya ni alƙibla, ta shige. Ina idar da tawa sai idona ya faɗa kan madubin. Na gan ta zaune a kan bokitin da aka kife, tana salla da nuni. Da ta zo ruku'u sai ta ɗan sunkuyar da kai, ta cije leɓe. Matar nan da na sani tana daɗewa a sujada har in ce ko barci ya ɗauke ta, goshinta bai taɓa ƙasa ba har ta sallame. Sannan ta yi yunƙurin tashi sau uku, a na uku ta kama bango da hannu biyu ta miƙe a hankali, ta tsaya ta gyara fuskarta, kamar mai gyara ɗankwali, kafin ta ɗaga labule.

"Hajiya, bayanki ne?"

"Lafiya lau, Malam. Alhamdulillahi."

Tsigar jikina ta tashi, har ɓarin da ba ya ji sai da na ji kamar ya motsa. Muryata ce na ji tana fitowa daga bakinta. Sai Allah ya dawo mini da wasu mutane da na manta: alhazan da ke ƙin hawa keke. Kowace shekara akwai su. Tsoho yana haki, ka kawo masa arabiyya, ya ce shi da ƙafarsa zai gaida Ɗakin Allah. A zagaye na uku ya zube, sai ka ga 'yarsa ko matarsa ta saɓa shi a kafaɗa, ita ta rasa ɗawafinta, shi bai samu nasa ba. Sau nawa na ce wa irinsu, "Alhaji, hau mana, ka tausaya wa yarinyar nan"? Ashe ni ne babbansu. Ni ina godiya da baki, ita tana biya da ƙashin bayanta, har na raba ta da sujada. Ranar na gane mahaifina ya yi gaskiya a kan kansa, domin ciwonsa shi kaɗai ya ɗauka. Nawa kuwa wata ce take ɗauke da shi, kuma ba ni da ikon yin shiru a kan nauyin da ba a wuyana yake ba.

Ranar ɗaukaka ƙara ban kira wanzami ba. Na sa rigar da nake kwana da ita. Usman da Ɗanjuma suka sauko da ni, Ɗanjuma yana ƙirga matakala yana cewa in na miƙe tsaye yau, da hannunsa zai mayar da ni. A ofishin aka ce mutum biyu kaɗai za su shiga da ni. Mahaifiyarku da Safiyya suka shiga, Usman ya tsaya a waje. Wasu likitoci ne daban, babbansu mutum mai sanyin murya. Ban miƙe ba. Wallahi zaman nan ya fi mini tsayuwar farko wuya.

"Ya ammi, wa ke yi maka alwala?"

Na buɗe baki, alhamdulillahi ta zo har kan harshena. Na bar ta ta fito, domin gaskiya ce. Sannan na ci gaba. Na ce wannan matar ce. Na ce ita ke kai ni bayan gida, ita ke wanke ni kamar jariri. Na ce akwai ranakun da ba na iya riƙe fitsari, ta sauya shimfiɗa sau biyu kafin gari ya waye, ta wanke da hannu ta shanya a inda maƙwabta ba za su gani ba. Na ce na faɗi a banɗaki sau huɗu, ta ja ni a ƙasa a kan zani domin ba ta iya ɗaga ni. Na faɗi maganar igiya, da kujerar da aka ɓoye a rufin soro, da bokitin da aka kife. Safiyya ba ta ce uffan ba, ko kalma guda. Mahaifiyarku ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa. Ina magana ina jiran ƙasa ta tsage, ko in ji wani abu ya yanke tsakanina da Ubangijina. Ba abin da ya yanke. Sai ma na ji ƙirjina ya yi fayau, irin yadda nake ji in na sha zamzam bayan sa'ayi bakwai da nauyi a gabana. Likitan ya ajiye alƙalaminsa, bai kau da ido daga kaina ba.

"Ya ammi," ya ce, "wannan ba ƙorafi ba ne, shaida ka bayar. Allah ya saka wa hajiya." Sannan ya juya wurinta. "Ke ma sai an duba bayan nan yau, kafin ki bar wurin nan."

Yanzu na zo wurin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da muka fito, Usman ya ga mahaifiyarsa tana kuka cikin mayafi. Ya tambaye ta, ta ce, "An faɗi komai, Usman. Har maganar shimfiɗa." Fuskarsa ta sauya. Bai ko kalle ni ba, domin a saninsa ubansa ba zai taɓa faɗin irin wannan ba ko da wuƙa a wuya. Ya juya ga ƙanwarsa.

"Ke ce? A gaban ƙarti kika tsiraita ubanki?"

Safiyya ta dube ni. Ta jira. Ina iya ganin idon nan har yau. Kalma biyu ce kawai ta rage mini, in ce ni ne. Na faɗa wa baƙi uku abin da ya fi wannan nauyi minti goma da suka wuce, amma a gaban ɗana, wanda yake kallona kamar dutse, sai ƙarfin ya ƙare. Na sunkuyar da kai kamar mai jin jiri.

"Ni ce," in ji Safiyya. "Sai me?"

Mahaifiyarku ta yi shiru don ta rufa mini, kamar yadda ta saba. Aka tafi a haka.

Saƙo na uku ya zo da amincewa. Aka kawo keke, mai gasa jiki ya fara zuwa, muka koma gidan ƙasa a unguwar Utaibiyya, ciwon bayan mahaifiyarku ya yi sauƙi har goshinta ya koma ƙasa. Safiyya ce ta tura ni Harami ranar farko, da hantsi, ta hau da ni bene ta bi da ni ta gefen shinge. 'Ya'yana, shekara talatin da ɗaya ina kewaya Ɗakin nan, ban ƙirga sau nawa ba, ashe ban taɓa ganinsa ba. Dugadugai na sani, da tayoyi, da santsin marmara. Ranar da aka zaunar da ni, ba abin da aka ɗora mini sai kallo, na ga baƙin ƙyallen yana ɗan motsi kamar mai numfashi, na ga halitta fara fat tana juyawa a ƙasa ba farko ba ƙarshe, tsuntsaye suna nasu zagayen a sama. Sai na gane abin da ke sa tsofaffin da nake turawa kuka, ni ina bayansu ina tunanin ko zan samu wani kafin azahar. Sai da Allah ya karɓe rabin jikina, ya sa na faɗi abin da na fi jin kunya, sannan ya nuna mini abin da nake kewayawa tun ina saurayi. Na yi ta kuka, ba na iya share ɓarin hagu. A bayana ina jin wata siririyar murya tana cewa, "Ɗarik, ɗarik, ya hajji," daidai yadda nake faɗa. Yarinyar da na bari da laifina ce take nema mini hanya.

Na roƙi gafararta a ranar, ta ce, "Ya Abuya, bar shi, Usman zai huce." Bai huce ba. Ya zo ɗaurin aurenta ya tsaya a bakin ƙofa. Shekara tara bai ci abincin gidanta ba, 'ya'yansa da nata sai a Idi suke haɗuwa. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa, kowace shekara sai in ce alhamdulillahi, ai ana gaisawa.

Usman, cikin 'ya'yana kai kaɗai ka zauna ka koyi ajami a wurina, a bakin ƙofar gidan Misfala, inda ni ma na koya. Sauran suna ganin haruffan kamar na Larabci, amma ba sa iya fitar da maganar. Ina sane na rubuta da shi. Ranar Juma'ar nan da na kira ku duka, in an taru cin abinci zan miƙa maka takardun nan, ina zaune a kekena ina kallonka, ka karanta wa 'yan'uwanka da ƙarfi, tun daga bisimilla. Da bakinka ka tambaya a ƙofar lajna, da bakinka za a ji amsa: ni ne na faɗa, ba Safiyya ba.

In ka gama, kada ka ce mini komai. Tana zama ne a gefen mahaifiyarku, kusa da ƙofar kicin. Ka tashi ka je.